Ku Tambayi Kawu: Wai da jinin kasuwanci ake haifar mutum?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar hali ce, wane irin mutum kasuwa ke karɓa wane kuma take ƙi, shi yasa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Salam Kawu ina gaisuwa. Ni matashi ne shekarata 26, na gama Jami'ar Jos nayi bautar ƙasa, yanzu zaman jiran aiki kawai nake. Na koyi gyaran waya wajen wani yayana kuma hannuna ya faɗa sosai, inaso in kama ɗan shago wajen Taminus in haɗa da saida caja da iyafis. Matsalar ni mutum ne mara son magana, taron jama'a ma gajiyar da ni yake, kwanaki nayi wani gwajin hali a intanet mai tambayoyi da yawa sai ya fito min wai ni cikin masu shiru-shiru nake, aikin ofis ko bincike yafi dacewa da ni. Abokaina ma haka suke cewa wai ba ni da jinin kasuwa tunda gidanmu duk malaman makaranta ne. Dan Allah in haƙura ne? Ɗanka daga Anguwan Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka haƙura, kuma kar ka bari manhajar da bata taɓa ganin hannunka akan waya ba ta yanke maka hukuncin rayuwa. Irin wannan gwajin yawancinsu jikokin wani tsari ne da wata mata 'yar Amurka, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka haɗa tun shekarun 1940, sun ɗauko tunanin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan mai suna Carl Jung suka raba mutane gida 16. Yana da daɗin karantawa ba ƙarya, mutum na ganin kansa a ciki, amma masana halayyar ɗan adam sun daɗe suna kuka da shi, saboda mutum ɗaya zai yi gwajin yau ya sake bayan 'yan makonni ya fito a wani gidan daban, kuma mafi yawan mutane a tsakiya suke, ba masu surutu can ba kuma ba shiru can ba. Kamfanin da ke da gwajin na asali ma da kansa yace ba don tantance wanda za a ɗauka aiki aka yi shi ba.

Ma'aunin da masu bincike suka fi yarda da shi yana duba hali ne ta fuska biyar, son sabon abu, tsare aiki da cika alkawari, son shiga mutane, sauƙin kai, sai saurin shiga damuwa. A 2006 wasu malamai biyu, Zhao da Seibert, sun tattara binciken da aka yi a baya suka kwatanta masu kafa kasuwancin kansu da manajojin da ke aiki ƙarƙashin wasu. Masu kafa nasu sun ɗan fi a tsare aiki da son sabon abu, basu cika rikicewa da damuwa ba, kuma basu kai manajoji sauƙin kai ba. Toh a son shiga mutane fa? Basu samu bambanci ba. Kaga abin da abokanka suke auna ka da shi shine wanda bai raba kowa da kowa ba, kuma ko inda aka samu bambancin ma ba mai yawa bane da har za a kalli mutum ace kai ka iya kai baka iya ba.

Ka je kasuwar Farin Gada ta nan Jos da sassafe lokacin da ake sauke kabeji da karas da tumatir, ka tsaya gefe ka kalla. Wanda muryarsa ta cika wurin yana tafa hannu yana rantsuwa yana jan rigar mai saye, sau da yawa dillali ne, la'adarsa yake nema kuma aikinsa kenan, ban raina shi ba. Mai kayan yana can zaune kan buhu cikin rigar sanyi, ɗan littafi a aljihun gaba, biro a bayan kunne, baya cewa uffan sai ciniki yazo ƙarshe yace albarka ko yace na sallama. Ya san nawa ya biya a gona, nawa mota ta ci, nawa 'yan dako za su karɓa, kwando nawa zai lalace kafin azahar in bai sake shi ba. Kasuwa tana buƙatar su biyun.

Maganar jini kuma, akwai wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin akan yaran da wasu iyaye suka haifa wasu suka riƙe tun suna jarirai. An gano ɗan da ya tashi gidan masu kasuwanci ya fi yiwuwar shima ya yi, gado na haihuwa yana da nasa kason, amma tasirin gidan da ya riƙe yaron ya kai kusan ninki biyu na wanda ya haife shi. Mu ma nan mun san wannan tun kafin Turawa su auna, yaran shago nawa ne da ba dangin iya ba na baba da uban gidansu, suka yi shekaru suna sharar shago da kai saƙo, yau su ne masu rumfuna? Abin da ɗan gidan 'yan kasuwa ya fi ka shine tun yana firamare yake jin ana maganar uwar kuɗi da riba da faɗuwa ana cin tuwo. Kai kuma kana da yayanka, ka koma wajensa wannan karon ba don koyon kwance waya ba, ka zauna ka ga yadda yake sarin kaya, wa yake ba bashi wa yake hanawa, nawa yake cirewa kuɗin haya da fetur ɗin janareto.

Saidai abu ɗaya, shiru daban ɗaure fuska daban. Gaisuwa wajibi ce a kanka ko kana so ko baka so, mutum ya shigo ka ɗago kai ka amsa sallama da fara'a, ka faɗa masa abin da ya samu wayarsa cikin magana biyu da zai gane, ka bashi lokaci ka cika, in ka canza sikirin ko batir ka miƙa masa tsohon a hannu. Kuma sana'arka sana'ar sirri ce, hotunan iyalin mutane da saƙonninsu da manhajar bankinsu duk suna kwana a teburinka, mai gyaran da aka san baya buɗe abin da ba a sa shi ba kuma bakinsa baya yawo, wallahi mata da dattawa har layi za su yi masa. Idan Allah ya buɗa ka samu yaro mai faran-faran ka ajiye shi a teburin caja da iyafis, kai kana ciki kana aikinka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni ya iyali. Ni matar aure ce ina saida atamfa da leshi da mayafai a gida, ina saka hotuna a sitatus na WhatsApp, kaya na tafiya alhamdulillah amma kuɗin ne bana gani. Dangin miji da ƙawaye da 'yan unguwa kowa sai ta ɗauka tace ƙarshen wata, ni kuma wallahi kunya bata barina in tambaya, in na daure na tura saƙo sai a fara gaba da ni ana cewa na cika son kuɗi. Jarin da na fara da shi dubu 600 ne yanzu abin da ke hannuna bai kai rabi ba, saura duk yana waje. Maigidana yace ni ba 'yar kasuwa bace zuciyata tayi laushi da yawa, in bari kawai. 'Yarka daga Rikkos.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi albarka. Wasiƙarki ta taɓa ni don irinta ta fi kowace yawa a cikin abin da mata ke aiko min, kuma abin da ke ba ni haushi shine mace mai ido a kaya, mai iya zaɓen zanen da zai tafi, ita ake cewa ta bari, masu cin kuɗinta kuma ba mai ce musu komai. Maigidanki ya ga ciwon daidai amma maganin da ya bayar ban yarda da shi ba. Kaya na tafiya kika ce, wannan shine ɓangaren da ya fi wuya kuma kin riga kin iya shi.

Gaskiya ne masu riƙe kasuwanci ya daɗe suna da ɗan taurin da ke basu damar cewa a'a, na faɗa a amsar da ta gabata. Amma wannan taurin ba rashin imani bane kuma ba sai kin canza zuciyarki ba. Hadisi ya zo a Bukhari cewa Allah ya jiƙan mutum mai sauƙin kai idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya nemi bashinsa, kin ga har da neman bashin a ciki, ba a ce ya bar shi ba, cewa aka yi ya nema da sauƙi. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, a rubuta shi da lokacin biya. Don haka ranar da kika ɗauko littafi gaban ƙanwar mijinki kika rubuta sunanta da turmi nawa da ranar biya, ba rashin kunya kika yi ba.

Mai kunya irinki kar ta dogara da ƙarfin zuciya a lokacin da ake tsaye a kanta, don za ta sha kaye kullum. Doka za ki kafa tun kafin a zo, sai dokar ta yi magana a madadinki. Ki saka a sitatus kowa ya gani, daga wannan watan kaya sai da rabin kuɗi kuma ba a ɗaukar sabo sai an biya tsoho. In aka zo ana Anti ai ni ce, sai kice wallahi Yaya ba don ke bane, mai ba ni kaya a Kwari baya ɗaga min ƙafa, in ban cika masa ba bazai sake turo min ba. Wannan ba ƙarya bane, duk mai sari a Kantin Kwari ta san haka abin yake. Wacce kika san da gaske bata da shi, marainiya ce ko mijinta ba lafiya, ki ware wani abu kaɗan cikin riba duk wata ki sa masa suna kyauta, ki bata don Allah ki manta, in ya ƙare ya ƙare sai wani watan. Abin da ke kashe jari shine kyautar da aka sa wa suna bashi, ke baki samu ladan kyauta cikakke ba don ranki na wurin, kuma kuɗin bai dawo ba.

Na waje kuma ki zauna yau ki rubuta su duka, ki raba gida uku, masu biya in an tuna musu, masu biya kaɗan-kaɗan, da waɗanda kin san sai dai Allah ya isa. Na biyun ki ce musu ko dubu biyar biyar ne duk sati ki karɓa. Na dangin miji ki miƙa wa maigidan takardar, tunda shi ya fara maganar, ya taya ki da bakinsa, 'yan'uwansa ne. Za a yi gaba da ke na ɗan lokaci, wasu ma baza su dawo ba, ki barsu, Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce. Kuma ki buɗe asusu daban na kasuwa, kuɗin atamfa kar ya haɗu da kuɗin cefane ko na anko, ki yanka wa kanki albashi ko nawa ne ki tsaya a kansa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Jos shekara 14 ina aiki, albashi baya kai mu tsakiyar wata tunda aka cire tallafin mai. Wani abokina yana harkar Arish wato dankalin Turawa, yana saye a Bokkos da Mangu yana lodawa kudu, yace in ajiye aikin in saida filina in zo mu haɗa jari, wai ɗan kasuwa na gaske baya tsoro, ni kuma matsoraci ne shi yasa har yanzu nake haya. Maganar ta tsaya min a rai. Ina da mata da yara biyar. Ɗan'uwanka daga Bukuru.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Mai yara biyar da ya tsaya yin lissafi kafin ya saida filinsa ba matsoraci bane, uba ne. Wannan magana ta cewa ɗan kasuwa mutum ne mai rufe ido ya faɗa, labarin waɗanda suka tsira ne kawai muke ji, waɗanda suka faɗa basu tashi ba suna nan cikin unguwa ba mai kiransu su yi lacca. Tun 1980 wani malami Robert Brockhaus ya auna son kasada tsakanin masu kafa kasuwanci da manajoji bai ga sun bambanta ba, wasu binciken na baya sun ga ɗan bambanci, har yanzu ana ja akan maganar. Abin da ba a ja a kansa shine yarda da kai da ke wuce gona da iri. A wani bincike da ya fito a 1988 an tambayi sababbin masu kasuwanci kusan 3,000 a Amurka yaya suke ganin damar nasararsu, kashi 81 cikin ɗari suka ce bakwai cikin goma ko sama, kusan ɗaya cikin uku suka ce goma cikin goma, ba ko tantama. Abokinka ƙila cikin waɗannan yake, ba mugunta yake maka ba, shi har ransa haka yake gani.

Wata malama 'yar asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, Saras Sarasvathy, ta zauna da gogaggun masu kafa kamfanoni ta basu matsala tana sauraron yadda suke tunani, sai ta lura basu cika farawa da nawa zan samu ba, suna farawa ne da nawa zan iya asara in kwana lafiya. Wannan tambayar nake so ka yi wa kanka. Fili ɗaya tilo ba ya cikin abin da za ka iya asara, albashi ma haka. Wani binciken na 2014 ya nuna waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu kafin su koma gaba ɗaya, haɗarin rushewarsu ya ragu da kusan kashi 33 cikin ɗari akan waɗanda suka yi tsalle lokaci guda.

Mu mutanen Jos ba sai an bamu labarin kasada ba. Wanda ya ga babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002 ya san mutanen da suka kwana da dukiya suka tashi ba ko allura, waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu ɗan wani abu a gefe, gona ko gida ko kaya a wani sito. Shi kansa Arish ba wasa bane, da kakar damina ta shigo farashi ke zubewa, cutar da ke ƙone ganyensa in ruwa ya yi yawa tana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki, ba ya jure ajiya kamar masara, mota ta lalace a hanyar kudu cikin zafi kwana biyu ka ga buhu na zubar da ruwa, ga kuma matsalar tsaro a wasu ƙauyukan Bokkos da Mangu da kowa ya sani. Akwai kuɗi a ciki sosai, amma na wanda ya san harkar ne.

Akwai kuma doka da ya kamata ka sani. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka yi maganar ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ya cire noma. Toh ga ƙofa nan a buɗe. Ka shiga ta noma, ka kama ɗan fili haya daidai kuɗin da in ya tafi yara baza su bar makaranta ba, ka noma da kanka kaka ɗaya ko biyu, ranar Juma'a in ka samu dama ka leƙa kasuwar Mangu ka ga yadda ake yanka farashi, abin da ka noma ka ba abokin naka ya loda maka ka ga yadda lissafinsa yake fitowa da yadda yake dawo da kuɗin mutane. A nan za ka san harkar kuma ka san mutumin. In za ku haɗa jari nan gaba a rubuta, wa ya kawo nawa, riba kashi nawa, in an faɗi wa zai ɗauki me, da shaidu. Tawakkali gaskiya ne amma Annabi SAW cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina saida katako a Laranto shekara sama da talatin, yanzu jiki ya fara gajiya. Ina da 'ya'ya maza biyu a shagon, babban akwai baki da wayo, kwastoma baya kuɓuce masa amma hannunsa a sake yake, ƙaramin kuma sanyi gareshi kamar bazai iya ba amma ko naira bata ɓata a hannunsa. Wanne zan damƙa wa? Wani dattijo daga Gangare.

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara lafiya. Ni bazan zaɓa maka daga nesa ba, kuma ina roƙonka kai ma kar ka zaɓa da kallon hali kawai. Ka tuna shirin YouWiN, gasar neman jarin kasuwanci da gwamnatin tarayya ta fara a 2011, matasa kusan 24,000 suka nema aka ba 1,200 jari mai kauri. Masu bincike na Bankin Duniya sun bi sawun waɗanda suka shiga gasar shekaru bayan haka, sai suka ga makin da alƙalan gasar suka bayar bai nuna wanda kasuwancinsa zai rayu ko ya bunƙasa ba, har kwamfuta aka sa ta yi hasashen ita ma abin da ta iya kaɗan ne. Ƙwararru kenan da takardu a gabansu. Mutum sai an bashi wuƙa da nama ake sanin ko shi waye.

Ana cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, mai sanyi bazai wayi gari ya zama sarkin baki ba. Amma akwai ɗabi'ar da ake koya kuma ita tafi kawo kuɗi. A Lome ta ƙasar Togo an ɗauki ƙananan 'yan kasuwa 1,500 aka raba su uku, wasu aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba irin su ajiye lissafi da talla, wasu aka horar da su akan zafin nama, wato fara abu ba sai an ce ka yi ba, hango matsala kafin ta iso, neman abin da maƙwabcin shago baya yi, da tashi bayan an faɗi, na ukun ba a koya musu komai ba. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cikin shekara biyu ribar masu horon zafin nama ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin da aka saba kuma kashi 11, wanda masu binciken ma basu iya tabbatar da shi ba. Wannan ɗabi'ar za ka nema a 'ya'yanka. Waye a cikinsu ya taɓa zuwa da kansa yace Baba kafintoci sun fara komawa wani irin allo mu kawo shi, ko yace ga sabon gini can ana yi a Rayfield bari in je in ga mai kwangilar? Ba surutu ake nufi ba, mai sanyi ma na iya yin wannan.

Ka tuna Alhassan Dantata, ya haɗa biyun ne, zafin nama da tsare dukiya. Yana cikin na farko da suka bar dogon fataucin ƙasa suka ɗoro goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, ya kuma rungumi gyaɗa da wuri, amma an san shi da tsimi da tsare dukiya, har tarihi ya rubuta cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929 raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ba kowa Allah ke haɗa wa ba, kai kuma ya raba maka su a 'ya'ya biyu, toh me zai sa ka yar da rabi? Babban ya riƙe ciniki da nemo kwastoma da zuwa sari, ƙaramin ya riƙe littafi da asusu da makullin sito, kuɗi baya fita sai da sa hannun su biyun, kowa da albashinsa da kasonsa a riba. Ka ja baya wata shida kana zuwa ranar Asabar kawai kana duba littafi. Kuma Alhaji tun kana da ƙarfinka ka kira malami da lauya a fayyace mene ne na shago mene ne naka, don sauran magada musamman 'ya'ya mata kar a wayi gari ace duk gumin su biyun ne.

TAMBAYA: Kawu ni matsalata gundura, cikin shekara uku nayi POS, nayi kiwon kaji, na buɗe wajen shawarma, yanzu kuma hankalina ya koma kan turare. Da abu ya fara tafiya sai inji ya ishe ni. Amma ai Dangote ma abubuwa da yawa yake yi ko? Shekarata 41, ina jin kamar lokaci ya wuce ni. Ƙaninka daga Tudun Wada.

AMSA: Ƙanina lokaci bai wuce ka ba, wani babban bincike a Amurka akan masu kafa kamfanoni sama da miliyan biyu ya gano matsakaicin shekarun waɗanda kamfaninsu ya fi saurin girma 45 ne, kuma abin da ya fi taimakonsu shine sun daɗe a cikin harkar kafin su buɗe nasu. Nan ne naka ya samu matsala, kana barin kowace harka daidai lokacin da ka gama biyan kuɗin koyonta. Dangote ya fara ne a 1977, ya yi kusan shekara ashirin yana saye da sayarwa na su sukari da shinkafa da siminti kafin ya shiga kafa masana'antu gadan-gadan, kuma kayan da ya riga ya san kasuwarsu ya fara sarrafawa. Shi ma ba duka ke yi masa ba, kamfanin tumatir ɗinsa na Kadawa da aka buɗe a 2016 ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir.

Son sabon abu da ke jikinka baiwa ce, ido gareka, taura biyu ce dai bata taunuwa lokaci guda. Ka ɗauko lissafin ukun da ka yi ka duba wanne ya fi barin riba bayan an cire haya da wuta da albashi, ka koma masa ka yi wa kanka alkawarin shekara biyu, gundurar in ta taso ka sauke ta a cikin harkar, sabon reshe ko sabon kaya ko kai wa mutane har gida. Ka nemo mutum mai son maimaita abu ɗaya kullum ya riƙe maka yau da gobe, ka bashi kaso ba albashi kawai ba don ya zauna. Turaren kuma ka rubuta shi a littafi da kwanan wata, in bayan wata shida har yanzu yana ranka ka gwada da kwalba goma sha biyu, ka sake rubuto min yadda ta kaya.